Ranar Da Na Ba Alhaji Awaki Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na tsaya gaban manoman garin Dogo da waya a hannu.

Ni mai gyaran waya ne a Zango. Lakwal, wato makarantar boko, na bar ta tun ana rabin tafiya (ita ta bar ni, amma wannan wani zance ne). Shekara ashirin ina kan tebur ɗaya ina canza gilashi da batir. Da furfura ta fara leƙowa sai na shiga formasiyo, wato horo, ta wata shida, ta koyon ƙera aplikasiyo, manhajar waya. Ni ne tsohon ajin.

Aikina na farko na wata ƙungiyar manoma ne. Za a raba irin gyaɗa, suna son rajistar mutanensu a waya. In ya yi kyau su ɗauke ni aiki a biro, wato ofishinsu, in rabu da teburin nan. Abin shafi biyu ne kacal. Na farko jerin sunaye. Ka taɓa suna, na biyu ya buɗe da hoton mutum, gonarsa, dabbobinsa da halin gidansa.

Malamarmu, Madam Rakiya, ta sha faɗa mana: "In za ku tura manomi daga shafi zuwa shafi, ku ɗaure shi ƙunshi guda, hoto da gona da komai, ku tura shi ɗungurungum. A can a kwance ƙunshin." Ni na ga wahala ce ta banza. Sai na yi dabara, ina tura suna da lambar layi kawai. An taɓa na uku, shafi na biyu ya shiga rumbun bayanai ya ɗauko na uku. Kamar ka ce wa direban motar Mirriya buhu na uku naka ne, ba ka sa alama a jiki ba. Lafiya lau, muddin ba a sake lodi ba.

Aka sake lodi. Da safen ranar nuni, shugaban ƙungiyar, Alhaji Maman, ya karɓi wayar ya duba jerin. Na jera mutane yadda suka zo rajista ne.

"Malam, a gidanku haka ake yi? Ni a ƙasan mijin ƴata?"

Da gaskiyarsa. Ko wurin ɗaurin aure manya ke tabarmar gaba. Na koma gefe na sake jerin: Alhaji, liman, dattawa, sannan sauran jama'a. Shafin farko kaɗai na gyara. Rumbun yana nan yadda yake, ni kuwa har ina jin daɗin saurina.

Aka haska wayar a bangon magazen, ɗakin ajiyar kayan ƙungiyar. Mutanen proje biyu, na shirin da zai ba da irin, sun zo daga Damagaram, suna kan kujera. Na yi gyaran murya na ce bari mu fara da babba. Na taɓa sunan Alhaji.

Sunansa ya fito a sama, baro-baro. A ƙasa hoton Iya Hajara ya cika bango, tsohuwar da ta fara zuwa rajista (ba ta makara wurin rabo). Aka karanta wa jama'a: rabin hekta, awaki biyu, miji ya rasu.

Can daga baya wani ya ce, "Alhaji, Allah ya ji ƙan maigidan!"

Magazen ya ɗauka da dariya. Na yi maza na taɓa liman, sai ga surukin nan na Alhaji yana washe baki.

Iya Hajara ta ce, "Ɗan nan, taɓa nawa mu gani, ko na gaji shanun wani."

Ban taɓa ba.

Ɗaya daga mutanen proje bai yi dariya ba. Ya kira ni malam da Faransanci, ya ce, "Mushe, da a haka aka raba irin, wa zai tafi da na wa?" Aikin aka ba wani. Da labari ya kai wa Madam Rakiya, tambaya ɗaya ta yi mini: "Lamba ka tura ko?"

Ina nan kan teburina. Alhaji in wayarsa ta lalace maƙwabcina yake kai wa, ya tsaya daidai inda zan gan shi. An ce har yau a Dogo Alhaji ake kiran Iya Hajara, tana kuma amsawa.

Yanzu duk wayar da aka kawo mini gyara, sunan mai ita nake mannawa a baya. A ƙasar da kowa ke son layin gaba, wawa ne ke dogara da lambar layi.