Wasiyya a Ƙofar Makewayi

Likita a Tahoua ya ce zai zura mini kyamara ya duba hanjina. Ya ba ni maganin wanke ciki, ya ce, "Alhaji, jajiberin aikin ruwa kawai za ka sha, ban da mai launin ja." Na gyaɗa kai kamar ni na koya masa likitanci. A ganina zoɓo ai magani ne, don haka ranar jajiberin na shanye gora biyu.

Bayan la'asar na shiga makewayi, na duba ƙasa, na ga ja wur. Na fito ina salati. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi, ga wata angulu ta sauka kan katanga ta zuba mini ido.

Na tara iyali, na nemi gafarar kowa, na bar wa ƙanena babur ɗina. Matata tana kuka ta tafi ɗauko mini tabarma, sai ga ta riƙe da gorunan.

"Alhaji, wa ya shanye zoɓon baƙi?"

Aka ɗage aikin. Babur kuwa har yau bai dawo ba. Duk sanda ƙanena ya wuce a kansa, sai ya rage gudu, ya ɗaga mini hannu: "Allah ya jiƙan Yaya!"