Kashin Ɓera a Makullin Yaya

Da kan makullin motar Yaya ya tsage, ni mai takardar sakandare na buɗe shi, na kakkaɓe wani abu kamar kashin ɓera, na ɗaure da zare, ina jiran yabo.

Da la'asar naƙuda ta kama matarsa, asibiti kuma sai Gummi. Mota ta ƙi tashi. Bakanike ya duba batir, ya buɗe makullin.

"Ina 'yar ƙwayar da mota ka gane makullinta da ita?"

Inna ta dube ni. "Ke, mi kinka yi?"

Da rarrafe na tsinto ta a bola, aka mayar, mota ta tashi. A hanya aka haihu, Allah ya tsare.

Har yau in ana sharar kashin ɓera, Yaya kan ce, "Dakata, Injiniya ta duba tukuna."