Yadda Ake Hawan Dutse da Uban Budurwa

Matso kusa, ɗana. Idan uban yarinyar da kake nema ya gayyace ka hawan dutse, ga hanyar da za ka sauko da alƙawarin aure, babu ko tantama. An gwada ta a kan Awal na unguwar Barking a nan London, kuma yana nan da ransa.

1. Amsa kafin ka yi tunani

Alhaji Hamdan, mahaifin Zarah budurwar Awal, tun da likita ya ce ya riƙa motsa jiki ya zama ɗan duwatsu. Ya kuma ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai yi tafiya da shi ba, wai a hanya ake sanin hali. Da ya ce ya yi musu booking na jirgin ƙasa zuwa duwatsun Wales, Awal ya ce ai shi gadon hawan dutse ya yi. Mutumin da matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ke sa shi salati! Kai ma haka za ka ce.

2. Yi shigar mutunci

Zarah ta yi ta roƙonsa ya sayi takalmin hawa da rigar ruwa. Kada ka saurari irin wannan, a London aka haife ta. Wa ya taɓa zuwa gaban suruki da wandon roba? Shadda mai sitati, hula, takalmi sau-ciki. Idan shadda ta sha ruwan sama takan yi nauyin buhun gero, amma dama mutunci nauyi gare shi.

3. Tsaya a baya, kuma ka rusuna

Karɓi jakarsa ka haɗa da taka. Duk sanda ya waiwayo zai yi magana, rusuna, ko a bakin gangare kuke. A nan iska ta tafi da hular Awal. Kada ka bi ta. Hula sadaka ce.

4. Kada ka ci, kada ka sha

Nan ne gwajin yake. Da suka kai wata magangarar ruwa, Alhaji ya buɗe kular da Hajiya ta cika da masa da dambun nama, ya zuba shayi yana tururi. Ɗan gidan mutunci ba ya tauna a gaban suruki. Awal, wanda ko karyawa bai yi ba saboda fargaba, ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi. Alhaji ya sake tayi, ya sake ƙi. Haka ake so.

5. Idan ƙafa ta ƙi, yabi ikon Allah

Zauna a kan dutse ka ƙura wa nesa ido. Akwai abin kallo kuwa: tafki kwance a ƙasa kamar faranti, tsaunuka kore shar, gajimare yana wucewa ta ƙarƙashinku. Awal ya ce yana tasbihi ne. Gaskiyar magana, tafkin ya fara zama biyu a idonsa, kuma ya tabbata idan ya faɗi a nan, Zarah ta tafi.

6. Bar babba ya yi sallarsa

Alhaji ya dube shi, ya dubi leɓensa da ya bushe. Sai ya ajiye kular a buɗe, ya ce zai zaga bayan wancan dutsen ya yi nafila, ban da tumakin da ke kiwo babu mai damunsa. Ya daɗe, ɗana, ya daɗe sosai. Da ya dawo ya tarar da kula fes, har da rabonsa, ga Awal zaune yana kallon sama da maiƙo a haɓa.

"Tumakin ƙasar nan ba su da kunya," in ji Alhaji.

"Wallahi kuwa, Baba."

"Har shayin suka shanye." Ya rufe kular. "Ka ce wa kawunka ina gida ranar Lahadi."

Gargaɗi: ba kowane uba ne mai doguwar nafila ba. Idan naka ya sallame da wuri ya same ka da masa a baki, ko aka sauko da kai a jirgi mai saukar ungulu, babu ruwana, kada a aiko mini kowa gidana a Catford.