Ranar da Na Ɗauke wa Kwamfuta Masaki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tabbatar cewa duk doron ƙasa babu halitta mai haɗari kamar mai rabin sani, musamman in ya samu kujera a gaban kwamfutar da ba tasa ba.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandaren kwana a Talata Mafara. Na taɓa gyara agogon kwamfutar ofis, shi ke nan aka naɗa ni Injiniya (ban yi gardama ba, har ma nakan amsa kafin mai kira ya rufe baki).

Ranar ba da hutu ce. Iyaye sun zo daga Bakura da Maradun su ɗauki 'ya'yansu da katin sakamako, kowa na son kama hanya kafin la'asar, don hanyoyinmu ba a so yamma ta riski mutum a kansu. Malama Rabi, mai buga takardun ofis, tana shigar da makin 'yan aji uku sai kwamfutar ta fara ƙorafin rumbunta ya cika. Shugaban makaranta ya ce a kira Injiniya.

Na iso da takun likita. Na yi ta tono har na ci karo da wani ƙaton ɓoyayyen fayil mai suna pagefile.sys. Ba hoto ba ne, ba wasiƙa ba ce, ga cin wuri. Na ce a goge, kwamfutar ta ƙi. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na zaro waya, na karanta sakin layin farko na wani bayani (ni da ke dukan tebur in ɗalibi bai kai ƙarshen labari ba ya ɗaga hannu), na shiga saiti na kashe fayil ɗin ɗungurungum. Ta yi mini gargaɗi, na danna e.

"Malam, wancan dai ban taɓa ganin an taɓa shi ba," in ji Malama Rabi.

"Shara ce, Malama. Kwamfuta ma tana tara komatsai kamar tsohuwa."

Muka kashe muka kunna, sai ga wuri ya samu. Shugaba ya ce Allah shi ƙara basira. Na ce amin da muryar wanda ya saba.

Wajen awa ɗaya ta yi tana aiki. Da Malama Rabi ta zo buɗe katunan don bugawa, ni ma na miƙa hannu ta kan kafaɗarta na buɗe wasu abubuwa biyu, don a ga gudu. Allon ya ƙame. Wani saƙo ya fito cewa ƙwaƙwalwa ta yi kaɗan, shafin makin ya rufe kansa, ya tafi da na aji guda da rabi. Aka sake buɗewa, ya sake rufewa. Iyaye kuwa sun cika taga. Wani dattijo daga Maradun ya leƙo.

"Malam, injin ne ya gaji, ko mu ne za mu kwana nan?"

Na ci gaba da danne-danne, allon ko gezau.

"Injiniya, ɗan tashi," in ji Malama Rabi, a hankali, kamar mai tashin mara lafiya. Ta zauna. "Ƙwaƙwalwar wagga tsohuwa faifai ce, kaɗan take ɗauka. In aiki ya yi yawa, sai ta juye wanda ba ta buƙata yanzu a wancan fayil ɗin, kamar masaki a gefe, in ta tashi ta ɗebo. Kai kuma ka zo ka ɗauke masakin."

Dattijon ya gyaɗa kai. Shi ya gane kafin ni.

Ta mai da fayil ɗin, ta bar wa kwamfutar ta zaɓi girmansa da kanta, ta kashe ta kunna. Hukuncina shi ne in tsaya ina karanto maki da ƙarfi tana bugawa, iyaye na kallo, wasu har suna gyara mini sunayen 'ya'yansu. Motar Maradun ta tashi ana kiran la'asar.

Tun daga ranar na koyi cewa rashin sanin amfanin abu matsalata ce, ba ta abin ba. Kafin ta samu wurin mai da masakin kuwa, sai da Malama Rabi ta goge abin da ya cika rumbun tun farko. Wata jaka ce ta bidiyon wasannin ƙwallo. Sunana ne a jikinta.