Yadda Za Ka Haɗa Katun a Ɗakin Geron Kawunka

In ka bi matakan nan shida ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari kafin a yanke gero duk garinku za su san 'yan wasan katun ɗinka kamar maƙwabtansu. An gwada an gani. Barau mai zanen motoci ne ya gwada a Gumel, daminar 1996, kuma har yau yana nan da ransa.

Mataki na 1: Nemi ɗaki a wurin wanda bai san katun ba

Barau ya ga katun ɗin Turawa a gidan kallo, ya fito yana cewa ai wannan bai fi zakin da yake zanawa a bayan manyan motoci ba. Ya je wurin Kawu, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya roƙi ɗakin ajiyar gero, tunda da damina ba komai a ciki sai ɓeraye. Kawu ya tambaya ko zanen ne zai tashi ya yi tafiya, Barau ya ce ƙwarai. Kawu ya ba shi zuwa kaka. In an ga abin kirki, ɗaki ya zama nasa. In shirme ne, buhuna su dawo, Barau ya ajiye buroshi ya bi shi gona a Gagarawa. Barau kuwa ba abin da ya tsana a duniya kamar fartanya.

Mataki na 2: Zaɓi jarumin da ba ya son motsi

Je ka wurin mai ɗaukar bidiyon biki. Na Barau shi ne Ephraim, wanda ya bayyana masa cewa kafin jarumi ya ɗaga ƙafa ya sauke sai an yi zane goma sha biyu. Barau ya koma gida ya zaɓi raƙumi, ya sa masa suna Kyauta, ya gurfanar da shi a kasuwar dabbobi ta Maigatari yana jiran mai saye. Raƙumin da ke gurfane zane biyu ya ishe shi: baki a buɗe, baki a rufe. Masana sun tabbatar cewa jarumin da ke yawan guje-guje bai yarda da kansa ba ne.

Mataki na 3: Kada kowa ya shigo bai gaisa ba

Turawa suna jefo ɗan wasa ta taga a ce an gabatar da shi. Mu ba haka aka rene mu ba. A kashi na ɗaya jaki ya zo ya yi wa Kyauta sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya yi masa jajen ƙudaje. Kafin a kai ga barka da kasuwa, kashin ya ƙare. A na biyu akuya ta iso daga Sule Tankarkar, aka faro daga farko, har da gaishe da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka ji tsoron masu kallo za su gaji. A gidan kallo na bakin tasha, mutane amsawa suke yi daga kan benci: lafiya lau, ba gajiya, da godiya.

Mataki na 4: Bar kaset ya zaɓar maka yanayin shiri

Barau ya so shirin ya zama mai ban tausayi, a ga raƙumin da za a raba da garinsu a zubar da hawaye. Sai dai matarsa Safara'u ce ke yin muryar akuya, kuma ba ta yarda ta ajiye taɓarya ba, don haka duk baƙin cikin Kyauta da sautin daka yake tafiya. Ga shi Ephraim a kan tsohon kaset ɗin biki ya ɗauka. Ana tsakiyar jaje sai wata amarya ta bayyana cikin farar riga tana yanka kek, 'yan coci suna waƙa, sannan raƙumi ya dawo yana tuƙa. Mutane suka ɗauka matar da Kyauta yake tunawa ce. Kada ka gyara musu.

Mataki na 5: Ajiye mugu sai kashi na ƙarshe

Mugun Barau dillali ne mai shafa wa tsofaffin raƙuma mai don su yi ƙyalli. Ya kwana biyu yana zana shi, ya kira Safara'u ta gani. Ta dubi hular da ta karkace hagu, ta dubi goron da ke kunci, ta dubi wushiryar, ta ce, "Maigida, wannan ai Kawu ne."

Barau ya rantse bai yi da niyya ba. Shekara talatin yana kallon fuskar nan tana yi masa faɗa, hannu ne kawai ya tafi inda ya saba. Gero ya nuna, ba lokacin sake zane. Abin da ya yi kawai shi ne ya sa dillalin ya faɗo kasuwa ba sallama, don a gane mugu ne, kuma takardu ma sun ƙare.

Mataki na 6: Zauna kusa da ƙofa

Ranar nuna kashi na shida, bayan la'asar, Kawu ya zo da sandarsa ya zauna a bencin gaba. Barau ya zauna kusa da ƙofa, har ya fara jin zafin ranar Gagarawa a ƙeyarsa. Dillali ya shigo, sai kowa ya dubi Kawu. Dillali ya shafa wa Kyauta mai, ya yi rantsuwar ƙarya, amarya ta yanka kek, aka gama.

Kawu ya tashi ya tare Barau a bakin ƙofa. Ya ce shafa mai ba komai ba ne, kowa ya san kasuwa. Sai ya buga sanda a ƙasa.

"Amma ni, Barau? Jaki ya gaisa, akuya ta gaisa, ni na shigo kamar ɓarawo? Haka na rene ka?"

Barau ya durƙusa ya ce takarda ce ta ƙare. Kawu ya ce gero ya zauna a rumbu, ɗaki yana nan har sai an gyara wannan abin kunya, kuma shi da kansa zai yi muryar dillalin. Washegari ya iso da sassafe, ya zauna gaban na'urar Ephraim ya fara gaida Kyauta. Kaset uku aka cika kafin ya kai ga tambayar iyali.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In an mayar da kai gona, in amaryar kaset ta zo neman bikinta, ko in kawunka ya tare a ɗakin da ya ba ka yana gaida raƙumin takarda shekara uku kamar na Barau, kai da shi ne. Ni ko gaisawa ba mu yi ba.