Yadda Za Ki Musanta 'Yarki Ranar Taka Ƙwai

Na tsufa ina yi wa amaren garin Klaten kwalliya, ban taɓa ganin bikin da yaro bai jiƙa wa uwarsa aiki ba. To ke da kika dage sai 'yarki Gendis ta shiga cikin yara biyun da za su yi wa ango da amarya fifita a bikin ƙanwar mijinki, matso nan. Surukarki Iya Darmi ta ce yarinyar ba ta da natsuwa, kika rantse tana da ita. Bi abin da zan faɗa miki, na yi alkawari za ki fita da mutuncinki ko ƙwarzane babu.

1. Zaɓi wurin zama

Ban da layin gaba. Nemi kujera kusa da makaɗa, inda ko an ƙwala miki kira za ki ce ba ki ji ba.

2. Kada ki yi mata bayani

Za ta hango ɗanyen ƙwai a faranti cikin furanni, ta ce, "Mama, na waye wancan?"

Ki ce ba ki sani ba. Amma na san ki da baki, sai kin ce, "Ango ne zai taka shi, Gwaggonki Lastri ta wanke masa ƙafa." Kin manta yarinyar nan kullum tana tsugune gaban kazarta mai kwanci? Za ta yi shiru. Ki ji tsoron shirun yaro a gidan biki, shawara yake yi da kansa.

3. Idan ango ya ɗaga ƙafa

Ango Sugeng zai cire takalmi, masu hoto su durƙusa. Nan Gendis za ta yar da mafici, ta tattare zani, ta wawuri ƙwan.

"Kada ka kashe shi! Akwai ɗan tsako a ciki!"

Ango zai tsaya da ƙafa ɗaya kamar balbela. Ke kuma ki kalli rufin rumfa, ki taɓo ta kusa da ke ki ce, "Oh ni, yaran yanzu! Wai ina uwarta ta shiga?"

4. Ban da shiga tsere

Bar baffanninta su bi ta ƙarƙashin teburin shayi, in ɗaurin zanensu ya bar su sun sunkuya. Wata za ta ruga kicin neman wani ƙwan, ta dawo tana tafa hannu, duk an dafa wa baƙi. Ki ci gaba da ɓare shinkafarki daga ganyen ayaba. Mai taunawa ba a yi mata tambaya.

5. Idan ta nufo ki

Za ta nufo ki, wannan kam babu makawa. Hawaye ya wanke hodar da na ɓata safiya ina shafa mata. Za ta cusa miki ƙwan a tafi, da ɗuminsa, ta ce, "Mama, ɓoye shi, taka shi za su yi."

Kiɗa zai tsaya. Iya Darmi za ta ƙaraso a hankali, ta tambaya kamar ba jikarta ba ce, "Wannan 'yar wace ce?"

Amsar mai sauƙi ce: "Wallahi Iya, halin ubanta ne." Ki miƙa ƙwan, ki gyara zama.

Sai dai yarinyar ta ƙanƙame gwiwarki. Ni kuma na san abin da zai fito daga bakinki.

"Tawa ce, Iya. Ƙwan ma ba za mu bayar ba."

Duk wadda na koya wa, a nan take ba ni kunya. Ni kaina sai na juya baya ina gyara kwalli.

Ba ruwana

In ango ya ƙare da taka dafaffen ƙwai, ko Iya Darmi ta daina amsa gaisuwarki har Sallah, kada a zo ƙofata. Ba ni na haifa ba. In kuma ƙwan ya ƙyanƙyashe, ku da kuka cece shi ku ciyar da abinku.