Rasuwar Hassana da Usaina, 'Yan Biyun Idona

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a kumbure, ni Raliya Dunoma ta Gashuwa nake sanar da rasuwar 'yan biyuna, Hassana da Usaina, ƙananan gilasan nan masu laushi da ake mannawa a ƙwayar ido, waɗanda ake kira kwantak.

Na karɓo su a wani asibitin ido a Kano a 2006, rana ɗaya da na 'yar kawuna, Shuhada ta Nguru. Marigayan masu kunya ne, ba a taɓa jin muryarsu ba, sai ɗan ƙas ɗin murfin gidansu. Su suka raba ni da tabaran da ya sa tun firamare ake ce mini Gindin Kwalba. A zamaninsu ne Malam Ridwanu mai kantin yadi ya lura ina da idanu.

Ciwon ajali ya same su a Nguru, wajen bikin 'yar uwarmu Hamsatu. Na manta kwalbar ruwan wankinsu a gida. Shuhada tana da tata a cike a gaban madubi, amma ni in roƙe ta? Ita da ba ta taɓa nata sai ta wanke hannu da sabulu, tana waigen ko ana kallonta? Sai na kwantar da su a kofin shayi da ruwan randar Kaka Fanne, randar da duk dangi suka sha suka girma. Da safe na mayar da su idona, na rambaɗa kwalli, na sha hayaƙin turaren wuta kamar kowace 'yar gidan mutunci. Washegari idona na dama ya yi jawur kamar gauta. Likita ya ce ruwan randa ne, wai saura ƙiris in rasa idon, kuma ni da kwantak har abada. Ni dai na san baki ne.

Sun rasu sun bar gidansu mai ɗaki biyu, da kwalbar da ko rabi ba ta yi ba, da ni. Na Shuhada kuwa suna nan garau, ko ƙaiƙayi ba su taɓa yi mata ba, kuma wallahi abin yana ci mini rai. Ita ta riƙe hannuna har asibiti, tana ta cewa, "Sannu Yaya, ai da kin tambaye ni." Malam Ridwanu ne ya kai mu a motarsa. Ita ta zauna gaba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a gindin darbejiyar gidanmu, an riga an haƙa kabari da cokali. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin Inna. Mai jiran gadon kwalbar ta haƙura, na zubar da ruwan. Ana roƙon Shuhada da Malam Ridwanu, in za su zo, don Allah kada su zo tare, domin na koma tsohon tabarauna, kuma yana gani tar.